Wayoyin injin ƙyanƙyasa

Yayana Kuya Renato,

Na ruga garin Pateros neman sabbin ƙwai, ban iya jiranka ba.

Jiya ka zare wayoyin ma'aunin zafi don ka yi shara, ka mayar da su a hargitse. Kwamfutar nan mai kula da zafin injinan, wayar da ta fara shiga take kira USB0, mai bi mata USB1, ba ruwanta da wane inji ne. Sai ta ɗauka inji na biyu ne ya huce, ta yi ta ƙara masa wuta. Ƙwan agwagwa ɗari uku sun dahu.

Yanzu na haɗa kowane suna da ramin da ake soka wayarsa. Don Allah kar ka taɓa komai.

Abincin ranarka yana cikin inji na biyu.

Ƙanwarka,
Luningning