Rabon Inna

Zuwa ga Yaya Tening,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara a birnin Miri. Mu nan da sauƙi, ban da Inna. Tarin tibin nan ya dawo mata, har da jini, ta rame kamar sanda.

Shekaranjiya na kai ta asibitin bakin kogi, wuni guda a kwalekwale. Jami'in da ke wurin ko ɗago kai bai yi ba. Wai an ba ta maganin wata guda, kwana goma ya ƙare, don haka zubarwa muka yi. Ya ce, "Ku 'yan ƙabilar Penan, bayani ba ya shiga kanku." Yaya, kin san bakina. Na ce masa kan da ba ya ɗaukar bayani shi ya koya wa kansa karatu da buhunan shinkafa, shi kuwa an biya masa makaranta bai koyi gaida tsohuwa ba. Wata nas mai suna Suling ta zo ba ni haƙuri, na haɗa da ita na wanke.

A hanyar dawowa Inna ta faɗa mini gaskiya. Kaka Buring na tari, Kawu Asik na tari, matarsa ma haka. Sai ta kasa ƙwayoyin kashi huɗu kamar naman aladen daji. Na yi mata tsawa. Ta ce, "Kai mai baki, in haɗiye ni kaɗai suna kallo? Haka na raine ka?" Na ɓoye sabon maganin da aka ba mu a asibiti, ina ba ta nata kaɗai, ta ƙi sha. Ina tsoro, Yaya.

Ƙanenki,
Lejeng

Zuwa ga Yaya Tening,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ki yi haƙuri da shiruna na wata biyu, ban sami mai zuwa gari ba.

Nas Suling ɗin da na zaga, ita ce ta hauro kogi ta same mu, da akwatuna, ƙafarta duk matsattsaku. Ashe ta yi shekaru tana aiki cikin mutanenmu, tana jin harshenmu. Tun a asibiti ta gane inda maganin ya tafi. Ta zauna a tabarma ta ci tuwon garin bishiyar sago da Inna kafin ta buɗe baki. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Inna, laifinmu ne da muka aiko abu ɗaya gidan mutum talatin."

Ta karɓi majinar kowa a dogon gidan da dukanmu muke zaune ta tafi da ita. Bayan mako biyu ta dawo. Kaka Buring da Kawu Asik duk tibi ne, matarsa mura ce kawai. Kowane mai ciwo ta ba shi jakarsa da sunansa a jiki. Masu lafiya kuma ta raba musu ƙwayar ƙarin jini, ta gaya musu ko mece ce, don kada hannun kowa ya tashi wayam. Sannan ta miƙa wa Inna tata ta ce, "Kowa ya samu. Wannan rabonki ne." Inna ta duba hagu, ta duba dama, ta haɗiye.

Yanzu kullum da safe a baranda muke taruwa, ni ke karanta sunaye. Kawu Asik ya ce ashe bakina yana da amfani ban da cizo.

Na je ba nas ɗin haƙuri, ta ce, "Zaginka ya fi na jami'in can daɗi, ci gaba da kiran suna." Kunya ta kusa kashe ni. Allah ya saka wa matar nan.

Jiya sakamakon gwajin Inna ya iso, na karanta shi sau uku kafin na yarda da idona. Ba a ga ƙwayar cutar a majinarta ba. Saura wata huɗu na magani, kuma ba a fashi ko na rana ɗaya. Da safen nan ta sauka kogi da ƙafarta ta wanko tukwane, ta dawo ta ce miyata ba gishiri, in matsa mata daga murhu.

Na matsa, Yaya. Ki gaida yara.

Naki,
Lejeng