A Mayar Mana da Wurin Tabarma Kafin Wata Ya Tsaya

Zuwa ga Mai Girma Mudirin da ke kula da gyaran tsakiyar gari, Gadarif.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, da kuma motocin gari baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne, mazaunin layin da ke bayan kasuwar hatsi, wanda ofishinka ya gyara. Na rubuto a fili ne domin na yi ta zuwa ofishin har mai shayin bakin ƙofa ta san yawan sukarin da nake sha, kuma kullum a ce mini kana ijtima'i, wato taro. Allah ya sa albarka a ijtima'in.

Na farko, godiya. Layinmu ya samu kwalta. Mu da muka tashi muna rataye takalma a wuya da damina don kada baƙar laka ta haɗiye su, mun san darajar wannan. An kuma buɗe kaftiriyoyi da wuraren shawarma da gasasshen kifi, fitilu ko'ina. Yawancin masu su 'yan'uwanmu ne da yaƙi ya koro daga Khartum da Jazira. Wanda ya rasa gida ya tashi ya ɗora tukunya, addu'a ta kamace shi. Ba da su nake ba.

Na biyu, farin fenti. Ma'aikatanka sun ja layuka a bakin titi tun daga kan kwana har ƙofar gidanmu, kowace mota da ɗakinta. Injiniyan da ya zo awo ya shaida mini cewa gaban gidanmu fili ne da ba a amfani da shi. Bai yi ƙarya ba. Ya zo ne bayan ƙaramar Sallah, da hantsi, bai tarar da kowa ba sai akuya.

Na uku, ba zan koya wa ɗan Sudan yadda ake buɗa-baki ba, amma tunda taswirar ofishinka ta manta, bari in tuna mata. Wannan filin shi ne inda mazan layinmu ke shimfiɗa tabarmi duk Ramadan, kowane gida ya fito da siniyarsa, wato babban tiren abinci: tuwon asida da miya, dafaffen waken balila, dabino, da abin sha na hilu-mur mai sanyi. Shugaban tabarmar Baffa Idrisu ne, yayan mahaifina. Tun ina yaro, in rana ta kusa faɗuwa, zai warware rawaninsa, ya riƙe gefe guda wani ya riƙe ɗayan, su tare titi. Direban lori daga Gallabat, leburan da ya gama yankan dawa a Ƙala'at an-Nahal yana neman motar gida, Bahabashen sansanin gudun hijira na Umm Rakuba da ya shigo kasuwa, duk sai sun sauka. Baffa ba ya tambayar mutum ko yana azumi, balle garinsu. In gidajen cin abinci kuke ƙirgawa, wannan ya girmi dukkansu. Aibinsa ɗaya, ba ya karɓar ko sisi, ina jin shi ya sa bai cancanci shiga tsari ba.

Na huɗu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Azumin da ya wuce, tun la'asar motocin masu zuwa buɗa-baki a kaftiriya suke cika layukan. Muka riƙa cusa tabarmi tsakanin wata a-kori-kura da muke kira boksi da babbar motar wani tajiri, muna shan ruwa da dabino da hayaƙin salansa. Ana nan, wata rana a tsakiyar watan, wani ya tayar da mota ya yi baya bai duba ba. Tayar ta bi ta kan siniyarmu, ta shafe asida da kwalta, ta tsaya tazarar taƙi ɗaya daga ƙafar Baffa. Mutumin ya fito, ya ce, "Ma'alesh ya Haj, yi haƙuri, amma nan wurin ajiye mota ne." Baffa ya miƙa masa dabino ya ce, "Faddal, bismillah, an kira salla. Zauna tukuna." Ya zauna, ya ci daga siniyar maƙwabta, ya yi godiya, ya tafi. Kuma bisa dokar fentinka, shi ne da gaskiya.

Washegari Baffa bai fito ba. Na shiga in taso shi, ya ce mini, "Haruna, ni na saba tsayar da mota. Ban saba mota ta tashe ni ba." Sauran watan a ɗaki ya sha ruwa, shi kaɗai, da ƙaramin kwano a gabansa kamar mai jinya. Ranka ya daɗe, ka san abin da wannan yake nufi ga dattijo a ƙasar nan. Shekarunsa sun ja, idonsa ya fara hazo, kuma ban san azumi nawa ya rage masa ba. Ga shi muna cikin Sha'aban.

Roƙona ƙarami ne, ba zai buƙaci kwamiti ba, kodayake na san za a kafa. Ku bar kwaltarku, ku bar fitilunku. A ware mana gaban gidajen nan daga la'asar zuwa isha'i, a watan azumi kaɗai. Motocin su koma filin kasuwar hatsi, wanda da yamma babu kowa cikinsa sai tantabaru. Ɗan tattakin ma zai ƙara wa masu su sha'awar shawarma. Maƙwabcinmu mai gasa kifi, wanda ya zo daga Madani, ya riga ya yarda, har ya ce zai fito da tasa siniyar, don a unguwarsu ma haka suke yi kafin yaƙi. Masu abinci sun yarda, masu tabarma sun yarda, saura fenti.

Na yi wa Baffa alkawari bana zai sha ruwa a waje, na kuma sa an wanke rawanin an goge. In amsarka ta zo, alhamdu lillahi. In ijtima'in bai ƙare ba har wata ya tsaya, to titinmu ne hanyarka ta komawa gida, na sha ganin motarka gab da magariba. Kada direbanka ya razana in ya ga farin ƙyalle a miƙe. Za mu samar maka wurin ajiye mota kyauta, sai dai za ka sauko ka zauna a ƙasa, kusa da taya, inda Baffa ya zauna.

Allah ya ja zamaninka, ya nuna mana Ramadan lafiya, ya sa kada ka taɓa shan ruwa kai kaɗai.

Wassalam.

Naka,
Malam Haruna Abbakar,
Layin bayan kasuwar hatsi, Gadarif.