Baƙin Ƙyalle a Teburin Kuɗi

Zuwa ga Yayata Diem,

Gaisuwa mai yawa daga nan garin Can Tho, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Loc da yara. Ina roƙon Buda da kakanninmu su tsare ku, su kawo miki sauƙin ciwon gwiwar nan da sanyin garin Da Lat ke tayarwa. Mu nan jiki da sauƙi. 'Yata Nhi ta shiga aji biyu, haƙoranta na gaba sun zube, in ta yi dariya sai ki rantse mahaifinta ne.

Yaya, ba daɗi ne ya sa na ɗauki biro ba. Kin san shekarun da na yi a teburin kuɗi a gidan abincin Inna Sau, ba ta taɓa kama ni da kuskure ba. Tun rasuwar mijina Khoa nake maƙala ɗan baƙin ƙyallen makoki a ƙirjin riga, kamar kowa. Da farko har kuka Inna Sau ta taya ni. Sai aka buɗe sabon shago mai na'urar sanyi a tsallaken titi, masu babura suka koma can shan romo. Ita kuwa ba ta ga na'urar ba, ni ta gani. Ta je wurin mai duba, ya ce mata ta ina ciniki zai shigo alhali mai makoki na zaune dab da gunkin arzikin shago. Ni da nake kunna wa gunkin nan turare kullum da safe, in ajiye masa kofi tun ban karya ba!

Ranar Litinin wata mata ce ta fara shigowa, ta tambayi kuɗin kwanon taliya, ta juya ba ta saya ba. Kin san yadda masu shago suke da cinikin fari. Inna Sau ta cinna wa jarida wuta, ta kaɗa a bakin ƙofa don korar rashin sa'a, sannan ta zo ta zagaye kujerata da ita, ina zaune, 'yan matan shago na kallo. Ta ce in ina son kujerar nan in cire tsumman nan, wai ita abinci take sayarwa, ba zaman makoki ta buɗe ba.

Na cire, Yaya. Na cusa shi a aljihu. Da Nhi ta biyo daga makaranta ta dubi rigata, ta tambaye ni gaban mutane ko an gama kukan Baba ne, ko ita ma ta cire nata. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Kuma duk a banza. Jiya Inna Sau ta kira ni gefe, ta ce ta koma wurin mutumin, ya ce ba a ƙyalle abin yake ba, a jikina yake, sai makokin ya cika shekara biyu. Daga farkon wata 'yar ƙanwarta za ta hau teburin, ni in koma baya wankin kwanoni a rabin albashi. Har da cewa in gode, da wata ce da tuni ta kore ni. Na zagaya shagunan unguwa, ashe labari ya riga ni, kowa sai ya ce in dawo bayan sabuwar shekara. Rabin albashin nan ɗaki kawai zai biya, ba makaranta, ba cefane.

Don haka nake roƙonki abin da ban taɓa zaton bakina zai iya faɗa ba. Ki karɓi Nhi ta zauna a wurinki. Ba ta da ci, tana iya wanke kayanta, sai dai ba ta barci in an kashe fitila. Ba ni da kowa sai ke, Yaya, kada ki ce a'a.

Ki gaida Yaya Loc, da Phuc da ƙaramarsu Ngan, da Gwaggo Bay in kin leƙa ta. In kun yi waya da Nhi, kada ki faɗa mata komai tukuna. Na ce mata hutu za ta zo, tun jiya take murna tana tambayata kaya kala nawa za ta ɗauka.

Ƙanwarki,
Nhan