Bayan Kaset ɗin Kwarbai

Serdang, Malesiya
18 ga Yuli, 1976

Zuwa ga ƙanwata Sailuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina nan lafiya, da Baba da Umma da duk jama'ar gida. Yaya ƙafar Baba, kumburin ya sauka? Yaya karatu a makarantarku ta Kongo, ko har yanzu lissafi na ba ki kashi? Ni dai ƙalau nake, sai godiyar Allah.

Kin ce kada in yi miki irin wasiƙar da nake yi wa Baba, gaisuwa da addu'a sai sa hannu. To gyara zama. Mutanen nan ba su san rani ba. Ruwa kusan kullum, in ya ɗauke kuma ba sanyi yake bari ba, sai gumi. Takalman fatan da na ɗinko a kasuwar birni na tura su ƙarƙashin gado, ran Juma'a da na jawo su sai na tarar sun yi fumfuna, kore shar kamar an shuka musu gero. Kilishin da na zo da shi kuwa, kada ma ki tambaya.

Karatun gona na tafiya, yanzu muna kan itacen roba da kwakwar manja. Amma gaskiya na fi ɗokin ƙarshen mako. Mu uku ne muke yawo: ni, da Bahago ɗan Tudun Jukun wanda muka zo tare, da Zulkifli abokin ɗakina, ɗan ƙasar nan. Da an tashi ran Asabar sai mu faɗa bas. Wancan makon mun je wani tsohon gari a bakin teku, Malaka. Kin san me na gani? Allunan wasu shaguna da ajami aka rubuta su. Na tsaya ina karantawa tiryan-tiryan, ban san me nake faɗa ba, mai shago na ta ƙyaƙyata dariya. Maza kuma zane suke ɗaurawa su tafi masallaci, babu mai kallonsu. An ba mu wani ɗan itace mai ƙaya wai shi duriyan, warinsa kamar an bar daddawa da ruɓaɓɓiyar albasa a tukunya guda, amma a baki zuma. Ni na cinye nawa. Bahago ya rantse gara ya kwana da yunwa.

Daga nan muka wuce ƙauyen su Zulkifli. Gidajensu na katako ne a kan dirkoki, kaji na kiwo a ƙarƙashi, mutane na barci a sama. Abin da na gani a can shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tun daga nesa mahaifiyarsa, Mak Timah, ta sauko daga tsani da gudu, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana shinshina kumatunsa, tana kiransa Along, Along, a gabanmu. Na tambaye shi ma'anar sunan, ya ce ai haka suke kiran ɗan fari. Sailuba, ɗan fari! Abin da a wurinmu uwa ke kawar da kai a kansa, shi ita take shela da shi. Ni da Bahago muka rasa inda za mu sa idonmu, sai muka koma kallon kaji.

Tun ranar nake ta tunani. Ke da kike auta kina kwana a ɗakin Umma, kin taɓa jin ta faɗi sunana? Ni dai tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin marigayiya kakarmu Nana, ban san kaina da wani suna a bakinta ba sai “wancan”. Ranar da zan taho ma tana madafi ta ba ni baya, na durƙusa na yi sallama, ta amsa wa tukunya. Ba ƙorafi nake ba, na san kunya ce. So nake kawai in san yadda Isma'ila yake fita a muryarta.

Ki gaishe da kowa da kowa. Ki dage da lissafi.

Yayanki,
Isma'ila

Serdang
10 ga Oktoba, 1976

Sailuba ƙanwata,

Sallama da gaisuwa irin ta Musulunci. Barkanku da Sallah, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. Yaya Baba da Umma? Yaya jikin yayarki Rahmatu, na ji kin ce ta dawo gida jiran haihuwa, Allah ya sauke ta lafiya. Takardarki ta iso, na ga amsarki: ke ma ba ki taɓa ji ba, kuma wai in daina tone-tone. Kin san hali, ban iya ganin rufaffen kwano in wuce.

A ƙauyen su Zulkifli muka yi Sallah. Shinkafa suke dafawa a cikin gora, wata kuma a cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa, a yanka a ci da naman da aka soya da madarar kwakwa har ya yi baƙi. Kashegari wani dattijo ya zo da biri a bayan kekensa, ɗaure da doguwar igiya. Birin ya hau kwakwa yana murɗo waɗanda suka ƙosa yana jefowa, in ya taɓa ɗanya sai dattijon ya ja igiya ya sake ta. Bahago ya ce wannan birin ya fi wasu 'yan ajinmu fahimtar darasi.

Amma ga abin da ya tsaya mini a rai. Da aka sauko daga idi, Mak Timah ta zauna a tabarma, 'ya'yanta suka jeru, babba ne a gaba. Kowa ya durƙusa ya sa goshinsa a hannunta ya nemi gafara, ita kuma tana shafa kansa tana kuka. Da suka gama sai ta yafito ni. Na so in noƙe, Zulkifli ya tura ni. Ta ɗora hannu a kaina ta kira ni Ismail, irin yadda suke faɗa, ta yi ta addu'ar da ban ji ba. Ba zan ɓoye miki ba, na tashi na zagaya bayan ayaba na share hawaye. Na ji daɗi, kuma na ji wani irin kishi da ban san ina da shi ba.

Shi ya sa za ki ga kaset a cikin ƙunshin nan. Ki ari rikodar Kawu Yari wadda ya zo da ita daga Makka. Gaban kaset ɗin na kowa ne, gaisuwa ce da labari, har kukan teku na ɗaukar muku. Bayansa kuwa na Umma ne ita kaɗai. Ki bari sai gida ya yi shiru, ki shiga ɗakinta ki kunna mata, ki fita. Na roƙe ta ne ta yi mini magana a kaset, ko sau ɗaya ta kira sunana, tunda ga teku a tsakaninmu, ba ido da ido ba ne balle ta ji nauyi. Bahago ya ce in goge, wai abin da ya yi wa Malesiya kyau ba lallai ya yi wa unguwarmu Kwarbai ba. Na ce masa ya ji da duriyan ɗinsa.

Ki kula da abin da na ce, ita kaɗai. A gaida mutanen gida.

Naki,
Isma'ila

Serdang
19 ga Disamba, 1976

Zuwa ga Sailuba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Barka da arzikin Rahmatu, Allah ya raya yarinya ya ba mai jego lafiya. Yaya Umma? Ki gaya mini gaskiya, yaya take?

Na karanta takardarki har ta fara yagewa a ninki. Ban ga laifinki ba. Na san Kawu Yari da rikodarsa, ko matarsa ba ta taɓa ta. Ya ce shi zai kawo da kansa, ya kuma zaɓi ranar sunan 'yar Rahmatu da dangi suka cika tsakar gida, don a ga kayan Makka. Gaba ya ƙare ana ta shewa, kafin ki buɗe baki ya juya kaset. Sai ga muryata a gaban gwaggonni da surukai ina cewa Umma ki kira sunana. Kin ce aka fashe da dariya, ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba har taro ya watse. Yanzu ƙawayenta in sun shigo sai su ce ina uwar Isma'ila, a kira mana shi mu ji.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ba ki taɓa gaya mini ba sai yanzu. Ashe duk ranar da za ki karanta wa Baba wasiƙata, Umma sai ta samo wani aiki kusa da ƙofar, tsintar shinkafa ko gyaran zogale, ba ta tashi sai kin kai ƙarshe. Yanzu kuwa da ta ga ambulan a hannunki sai ta yi ƙuryar ɗaki. Garin neman gira na rasa ido. Ina da kunnenta ban sani ba, na je na kore shi da bakina.

Makon jiya mun hau dutse, wani wuri mai sanyi da ake noman ganyen shayi, gajimare na wucewa ta gaban mutum kamar hayaƙin murhu. Da ina cikin hankalina da na cika miki shafi biyu. A hanyar dawowa muka biya ta wurin Mak Timah, Zulkifli ya ba ta labarin komai. Ta dafa ƙirji ta ce wace irin uwa ce wannan, ta ce in ɗauke ta a matsayin uwa. Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, amma sai na ji raina ya ɓaci. Na shiga gaya mata, Zulkifli na fassarawa, cewa lokacin da na yi ƙyanda Umma ce ke dama kunu ta ba Nana ta kawo mini a ce Nana ce ta dama. Ni kaina na yi mamakin yadda muryata ta hau.

Kada ki ba ta haƙuri da sunana, zai ƙara mata kunya ne. Ki dai riƙa karanta wasiƙa da ɗan ƙarfi. Allah ya huci zuciyarta.

Yayanki mai ƙaton baki,
Isma'ila

Serdang
13 ga Maris, 1977

Ƙanwata Sailuba,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina fatan kowa lafiya, Baba da Umma, Rahmatu da 'yar jaririya. Na ji kin ci lissafi, to madalla, ashe ana shiryuwa. Wannan takardar taki ce, kada ki karanta wa kowa.

Kaset ɗinku ya iso ran Alhamis. Kin rubuta cewa Kawu ya ji nauyin abin da ya faru, ya bar muku rikoda kwana biyu ku yi mini gaisuwa, kina ajiye ta a ɗakin Umma in za ki makaranta. Kin ce gaba kawai kuka cika, bayan babu komai, kuma Umma ko kallon rikodar ba ta yi ba. Na daure ban kunna ba sai jiya, da muka je bakin teku a Fot Dikson, muka shimfiɗa tabarma a inuwa da hantsi.

Na ji Baba da doguwar addu'arsa. Na ji Kawu yana bayanin rikoda maimakon gaisuwa. Na ji kukan jaririya, da ke kina cewa a yi shiru kina fin kowa surutu. Muka sha dariya, ina fassara wa Zulkifli. Da ya ƙare, Bahago ya juya kaset ya ce tunda bayan fanko ne bari ya ɗauki waƙar da wasu samari ke yi kusa da mu. Har ya ɗora yatsa a jan maɓalli. Ban san me ya sa ba, na riƙe hannunsa na ce mu fara ji tukuna.

Da fari shuu kawai. Sai ƙarar taɓa rikoda, irin ta wanda bai saba ba. Sai na ji zakara daga nesa, da motsin asabari, da ƙwayoyin carbi suna haɗuwa. Aka daɗe a haka, har Zulkifli ya ce ba komai. Sai aka yi gyaran murya. Sailuba, ko a cikin kasuwa na san wannan gyaran muryar. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron bango ya ji:

“Allah ya dawo da na kowa lafiya.”

Shi ke nan. Sai laluben maɓalli, ta danna wannan ta danna wancan, har ta samu ya mutu.

Bahago ya tashi ya nufi ruwa. Zulkifli ya tambaye ni me ta ce, na fassara masa. Ya ce to ai ba ta ambace ka ba. Na ce masa haka ne, ba ta ambace ni ba.  Na ce amin a raina, na mayar da shi baya na sake ji.

Ga abin da nake so ki yi mini. Kada ki nuna mata kin sani, ko da ido. Ki bari sai tana kusa tana wani aiki, ki gaya wa Baba da ɗan ƙarfi cewa kaset ya iso hannun wancan, kuma ya ce gaba da baya duk sun fita tangaram.

Ki gaida kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Isma'ila