Wasiƙar Malam da Jan Biro

Litinin, 8 ga Yuli

Bakina ya ja mani. Ƙawata Murja ta kira tana ta cika baki, wai mijinta kullum sai ya turo mata saƙon soyayya a waya. Don kada a bar ni a baya na ce ai ni Malam da hannu yake rubuto mani wasiƙa. Ta ce in taho da ita sunan Yaya Hawwa'u ranar Asabar a Mawashi, ƙawaye su gani.

Wata biyar da aure, abin da Malam ya taɓa rubuta mani shi ne "a ba kaji ruwa".

Talata, 9 ga Yuli

Na roƙe shi. Yana duba takardun jarabawar ɗalibansa, ko ɗagowa bai yi ba. "Wasiƙa kuma? Ga ni ga ki, Zinariya." Na ce irin ta littafi nake so, wadda namiji zai ce in babu ke numfashina zai tsaya. Ya ce, "Astagfirullah, in zauna in rubuta ƙarya da hannuna?"

Malamin lissafi ke nan. In na ce na jira shi shekara guda, sai ya duba agogo ya ce minti arba'in ne.

Laraba, 10 ga Yuli

Shiru. Na karanta babi huɗu na littafin soyayya, na ƙona wake.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ya rubuta. Da jan biron da yake ba yara maki. Bari in kwafe ta nan, don ko ni nan gaba ba zan yarda ba:

"Zinariya, bayan gaisuwa. Abin da kike nema sunansa kambamawa, Turawa na ce mashi haifaboli. A lissafi kuma akwai wani lanƙwasasshen layi mai suna haifabola. Kalmomin nan biyu uwarsu ɗaya, kalmar Girkanci ce mai nufin jifan da ya wuce inda aka nufa. Na farkon ban iya ba. Na biyun na iya, ga shi na zana maki. Hannuwansa ba su da ƙarshe, takardar ce ta ƙare. Shi na ga ya fi kusa da abin da ke raina. In kin tafi Mawashi ba zan mutu ba in sha Allah, amma ba zan ji daɗin gidan ba."

Zanen kuwa, kamar ƙwarya biyu sun juya wa juna baya suna gaba. Ina ruwana da Girkawa? Mazan littafi na kiran mace tauraruwa, ni an kawo mani darasin aji shida. Da rana har yana tambayata ko na gane zanen. Na ce na gane. Ya ce madalla, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na gwada rubuta wata da kaina, mai wata da taurari. Na yage. Tun firamare Murja ta san rubutuna. Na cusa tasa ƙarƙashin atamfa cikin jaka, ban san dalili ba. Na ce mashi sai Laraba zan dawo.

Asabar, 13 ga Yuli, Mawashi

An yi suna lafiya, jaririya ta ci sunan Salma. Da la'asar muka taru ɗakin Inna, Murja ta ciro waya tana karantawa, ana ta shewa. Layi biyu ta yi na gane. Littafin nan ne da muka karanta bara a guruf ɗinmu na waya, wajen da saurayin ke kwance asibiti. Na haddace shi, da zan iya ƙarasa mata. Ina kusa da ita, na ga ta ɗora babban yatsa kan layin ƙarshe, inda mijin ya manta bai sauya sunan yarinyar littafin ba. Muka haɗa ido. Ta san na gani.

Sai ta ce, "To amaryar Malam, ina taki?"

Jakar na bisa cinyata. Na ce na manta da ita a gida Kankia. Rukayya ƙanwar Murja ta ce dama an san babu, malamin lissafi in ya ga mace lamba yake gani. Suka yi ta dariya. Ta yi mani zafi, ba zan ɓoye ba. Amma na kasa jure a karanta wasiƙar Malam da murya irin wannan, ana shewa.

Lahadi, 14 ga Yuli, Kankia

Inna ta yi faɗa, wai ko jego ban taya ba. Da na dawo na samu Malam tsakar gida yana jiƙa garin kwaki a kofin shayi, tukwane duk yadda na bar su.

"Ba Laraba kika ce ba?"

Na ce ruwa nake gudu, kada hanya ta lalace. Ya ɗaga kai ya dubi sama, tas take, babu hadari ko kaɗan. Ya miƙo hannu ya karɓi jakata.

Hanyar ce kawai. Kowa ya san yadda take da damina.