Turaren Baba a Cikin Na'ura

Daren Juma'a, Goron Dutse. Sati uku ke nan da sojoji suka miƙa mulki.

Barci ya ƙi zuwa. Na'urarmu ta ɗakin bincike, mai duba saman ƙarfe da hasken eksire, ba ta aiki sai an zuƙe iskar cikinta tas, kuma maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya ɓata komai. Kwana tara muna fama da ita, domin ranar Litinin kwamitin sabuwar gwamnati zai zo ya duba ko a ci gaba da aikin ko a rufe.

Bayan masallaci na biya gaida Baba a Ƙofar Na'isa. Kamar kullum, ya kama hannuna ya shafa mini turarensa mai maiƙo. Wa ya isa ya janye hannu? Na koma aiki a gurguje, na ɗauki ɗan ƙarfen gwajin ba safar hannu, na saka a cikin na'urar. Ni da nake yi wa ɗalibai faɗa a kan haka.

Wajen ƙarfe biyar allurar awon iskar cikin na'urar ta fara hawa. Farfesa, shugaban ɗakin binciken, ya ɗauka iska ce ke shiga, ya hau abokiyar aikina Malama Hadiza da faɗa, don ita ta ɗaure notunan. Ta ce, "Wallahi Farfesa, daidai na ɗaure su." Na cusa hannuna a aljihu.

Da zan tafi ya ce, "Malam Kabiru, wannan turare naka akwai ƙamshi."

Gobe da sassafe zan gaya masa, kafin ya rubuta wa Hadiza takardar gargaɗi. Sau huɗu na wanke hannun nan da sabulu, amma har alƙalamin ƙamshin yake yi.