Allon Shagona da Matar Ƙungiya

Anti, don Allah ki ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ni mai walda ne. Shan-inna ta taɓa ƙafafuna tun ina goye, in ba a kekena ba da hannu nake tafiya. A allon shagona an rubuta “Gurgu Mai Walda”. Ni na sa aka rubuta, da shi ake kwatancena.

Makon jiya wata mata daga wata ƙungiya ta zo a farar mota, wai za su ba ni aikin ƙera wa yara guragu kekuna, amma sai na goge allon an sa “mai buƙata ta musamman”, wai kalmar tana zubar mini da mutunci. Anti, duk bayanin nan maƙwabcina mai faci ta yi wa, ina zaune a gabanta da ƙarfe a hannu. Shi ta tambaya ko na iya awo. Da za ta tafi ta tsallake ƙafafuna kamar itace, ta shafa kaina, ni mai mata da ɗa. Na je ofishinsu kuma: matakala goma sha ɗaya, da tafin hannuna na hau su. A can sama suka manna takardar kalmomin masu daɗi.

Ban yi nisa a boko ba, amma buƙatata ta musamman ba ta wuce a kawo wuta ba. Innata ta ce in goge, fenti ne kawai. Ina son aikin, don na san abin da ƙasa mai zafi ke yi wa gwiwar yaro mai rarrafe. In goge?

Mai Walda

Ƙanena,

Matar nan ta haddace kalma, ta manta gaisuwa. Ba a bakinta za ka koyi mutunci ba.

Amma kada haushinta ya sa ka raina maganar gaba ɗaya. Akwai waɗanda da kalmar nan aka yi ta jifansu tun suna yara, har yau tana yi musu ciwo. Haƙƙinsu ne a kira su yadda suke so. Kai ma haka. Su rubuta abin da suka ga dama a takardunsu, allo naka ne.

Ka aika ta dawo, ta zauna a bencinka, ta yi magana da kai, ba da mai faci ba. Cikin ladabi ka ce mata allon yana nan, kuma kana iya ƙera musu gangaren ƙarfe a gefen matakalar nan. In ta janye aikin saboda fenti, ka sani ba don yaran ta zo ba.

Allah ya sa albarka a sana'arka. Ka gaida Inna da mai ɗakinka.